Ranar da Aka Ce Uwar Zare Ta Cire Ƙofarta

Akwai wata tela da ake kira Uwar Zare, mijinta ya rasu a yaƙin basasa. Ku karanta har ƙarshe, na san halinku, layi biyu sai ku gudu, alhali ba kowane shafi ake samun mai ba da labari irina ba.

Da yaƙi ya lafa aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, ta dawo daga gudun hijira ta tarar da siton unguwarsu ya ƙone, ba rufi ba ƙofa. Ta roƙi aronsa, aka ba ta. Ita da matan da suka dawo suka kankare baƙin hayaƙi, suka tsinto kwano a kangaye suka rufa, suka toshe ramukan harsashi, suka jera kekunan ɗinki. Matan da mazajensu suka harbi juna jiya, yau rigimarsu ba ta wuce wa ta ɗauke almakashi ba.

Sai aka ji cewa wakilan ƙasashen da ke tallafa wa ƙasar za su zagaya unguwanni, su ga inda za su sa hannu.

Ciyaman na unguwa, wanda ƙanin mijinta ne, ya shigo yana kallon bango kamar an yi masa laifi.

"Matar yaya, wurin nan ya yi kyau da yawa," in ji shi. "Baƙin nan kango suke nema. A cire ƙofa, a shafa gawayi a bango, ku sa tsofaffin kaya. Idan sun tafi a mayar."

Ta ci gaba da taka kekenta. "Ƙanin miji, masu bindiga sun cire ƙofar nan, na mayar. Yanzu kuma in cire da hannuna?"

"Na yini ɗaya ne fa."

"Ko na ƙiftawar ido."

Ya ɗaure fuska. "Sito na unguwa ne. Idan baƙi suka wuce mu saboda taurin kanki, ranar zan karɓi makulli."

Mata suka dubi juna, don a wurin nan suke ci da 'ya'yansu. Wata ta ce a hankali, "Yaya, ko mu ɗan shafa gawayin?"

"Mun yi kuka na gaskiya ba wanda ya zo kallo," in ji Uwar Zare. "Ba zan yi na haya ba."

Shi kuwa Ciyaman, don ya nuna misali, ya kwance rabin rufin gidansa ya ɓoye a bayan banɗaki. Ni da ake zargi da dabara, ban taɓa kai nan ba.

Baƙi suka iso da tafinta da mai ɗaukar hoto. Ciyaman ya zagaya da su kango bayan kango, yana kauce wa layin sito. Ana cikin haka hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge. Duk kewayen ba inda mutum zai fake sai wuri ɗaya.

Suka faɗa sito a jiƙe. Mata suka ba su kujeru, keke bai tsaya ba.

Mai hoto ya hango wani ramin harsashi da aka manta a kusurwa. Ya sa tafinta ya roƙi Uwar Zare ta tsaya kusa da shi, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Ka ce masa wuyana ba ya lanƙwasuwa," in ji ta. "Idan hoto yake so, ga ni a kan keke."

Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai furfura, ta yi dariya. Ta tambayi wace ƙungiya ce ta gyara ginin.

"Ga ƙungiyar nan zaune, suna ɗinki," in ji Uwar Zare.

"To me kuke buƙata?"

"Wuta, da ruwa, da wurin da za mu jefa ƙuri'a ba bindiga a kanmu. Sauran mun iya."

Dattijuwar ta ce dama suna neman gini mai rufi da ƙofa, inda ɓangarorin biyu ke shiga ba tsoro, a yi rajistar masu zaɓe, a sa wutar sola, a haƙa rijiya a gabansa. Ta tambayi wa ke riƙe da wurin.

Kowa ya dubi Ciyaman. Ya ce, "Matar yayana ce. Dama kullum ina faɗa musu a riƙa gyara."

Da baƙi suka tafi, ya tsaya yana matse rigarsa, yana tunanin katifarsa da ke shan ruwa.

"Ƙanin miji, ga makullin," in ji ta, ta miƙa masa.

Bai karɓa ba. "Matar yaya, kina da tsani?"

Darasi: Karɓar taimako ba abin kunya ba ne, amma kada ka rushe abin da ka gina don a ji tausayinka. Mai taimakon kirki yana neman wanda ya riga ya miƙe ne, ya kama masa. Ku tura wa 'yan uwa, kuma don Allah ku bar sunan shafina a jiki, na gaji da ganin labarina a hannun waɗanda ba su yi gumi ba.