Aholoten da Citlali Ta Bari

Akwai wata mata a garin Xochimilco, ana kiranta Doña Eulalia, mai sayar da furanni a kasuwa. 'Yarta ɗaya tilo, Citlali, ma'aikaciyar jinya ce. Da aka ba Citlali aiki a wani asibiti can Monterrey, wani birni mai nisa, uwar ta ce sam ba ta yarda ba.

"Nan garin marasa lafiya sun ƙare ne? Sai kin tafi uwa duniya?"

Citlali ta yi lallashi har ta gaji. Ranar tafiya, uwar ta juya mata baya ta ce, "In kin fita ƙofar nan, kada ki kira ni."

A watan farko Citlali ta yi ta kira, ba a ɗauka. Daga nan ta haƙura.

A ɗakinta ta bar Chato, aholoten da take kiwo a akwatin gilashi. Ɗan dabbar ruwa ne mai kama da ƙadangare, da jar geza a gefen kai, bakinsa kullum kamar yana murmushi.

Da can Eulalia ko kallonsa ba ta yi. Yanzu kuwa, da ta dawo kasuwa sai ɗakin. Ta zauna a bakin gadon 'yarta, ta jefa masa tana, ta yi ta ba shi labari. "Ko uwar ɗakinka ta ci abinci yau? Ka san halinta, sai an matsa mata." Sai ta ƙara masa wata tanar. Har 'yan tsakuwoyi masu launi ta sayo ta zuba masa, wai don gidansa ya yi kyau.

Haka aka yi wata takwas.

Wata safiya ta tarar da Chato a saman ruwa, wutsiya sama, kai ƙasa. Yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu don ya nutse, ruwa na maido shi. Ta danna shi da yatsa, ya sake tasowa. Ta miƙa masa tana, ya kau da kai.

Ta ruga wajen maƙwabcinta, Don Crispín, tsohon manomi da ya girma a bakin rafukan garin. Ya zo ya duba, ya girgiza kai.

"Doña, ni na rafi na sani, su ma rabona da ganinsu na manta. Na gilashi kuwa, mutum ɗaya ce ta san kansa, kuma lambarta na cikin wayarki."

"Ba zan kira ba. Ni na haife ta ko ita ta haife ni?"

"To ki tambayi ƙadangaren, wataƙila ya san amsa. Taurin kanki ko jakina sai ya sara miki."

Kwana biyu ta daure. A na uku ta ga Chato ya karkace gefe guda, ƙafafun baya sun daina motsi, gezar ta koɗe. Ta zauna da waya a hannu har kunun masararta ya huce. Sannan ta danna.

"Mama? Lafiya?"

Muryar ta kusa sa ta kuka. Ta dake ta ce, "Dabbarki ce ba lafiya."

Citlali ta ce a nuna mata ta bidiyo. Tana gani ta dafe kai. "Mama, wa ya zuba tsakuwa? Haɗiye ta yake yi! Kuma dubi cikinsa, sau nawa kike ba shi abinci?"

"Duk lokacin da na ga ya yi shiru."

"Mama, kullum shiru yake!"

Ta tsara mata komai. A sa shi a ƙaramar roba, ruwa mai sanyi iya bayansa, yadda ƙafafunsa za su taɓa ƙasa ya huta. A ɗiga maganin ruwan da ke kan tebur. A ajiye shi a inuwa, a canja ruwa kullum, a kwashe tsakuwa, kuma ba abinci sai ta ce.

"Ki kira ni gobe da rana, lokacin hutuna, in ji yadda ya kwana."

Kullum da rana Eulalia za ta kira. Da farko zancen Chato kaɗai. Sannu a hankali aka shiga zafin Monterrey, da ɗan ɗakin da Citlali ke haya, da tarin da ya dame ta watannin baya ba wanda ya sani.

A rana ta tara Eulalia ta ga 'yan tsakuwoyi biyu a ƙasan roba. Chato kuwa ga shi yana takawa a hankali, da ƙafafunsa huɗu. Ta yi murna, sai kuma gabanta ya faɗi. In ya warke, da wane dalili za ta kira?

Da rana ta ce wa 'yarta, "Yana nan yadda yake." Washegari ma haka.

A rana ta uku da warkewarsa Citlali ta ce, "Juya wayar in gan shi."

"Barci yake."

"Mama, juya."

Ta juya. Ga Chato yana zagaya roba, gezarsa ja wur.

Eulalia ta ce, "Shekaranjiya ya warke. Na ji tsoro ne kada ki ce shi ke nan."

Citlali ta fashe da kuka tana dariya. "Haba Mama! Wata takwas ina ajiye wayar nan kusa da ni ko a bakin aiki. Sai dabba ta kusa mutuwa?"

"Ki yafe mini, 'yata. Bakina ne ya kore ki, zuciyata ba ta taɓa cewa ki tafi ba."

"Ba zan samu hutu ba sai Nuwamba. Amma gobe ki kira ni."

"In ce miki me?"

"Ko me. Ki ce mini kin sayar da fure nawa. Yanzu dai je ki ba shi tana. Guda ɗaya, Mama!"

Darasi: Girman kai ba ya rage kewa, tsawaita ta yake yi. In akwai wanda zuciyarka ke nema, kada ka jira ciwo ko mutuwa su ba ka dalili, ka kira shi yau. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san yana riƙe da waya ya kasa dannawa.