Kalla Mai "Bahi"

Akwai wani bawan Allah, Kalla, wanda fari ya cinye wa awaki a Nijar. Ya bar matarsa Zouéra da yara, ya tafi Sabha neman abin da zai ciyar da su. Lokacin arzikin man fetur ya buɗe a Libiya, 'yan ƙasa sun koma ofis, lambuna na neman ma'aikata. Ya samu aikin ban ruwa a lambun wani mai suna Haj Hamed a Samnu, kusa da Sabha.

Kalla ba rago ba ne, sai dai Larabcinsa kalma ɗaya ce: bahi, wato "to". Duk abin da maigida ya faɗa, ko ya ji ko bai ji ba, sai ya gyaɗa kai ya ce bahi, don kada a gano shi a kore shi. Shi a ganinsa wayo ne.

Wata rana Haj ya ce kada a ba albasa ruwa, an kusa cire ta. Kalla ya ce bahi, ya je ya sakar mata ruwa har ta ƙoshi. Albasa ta ruɓe.

Haj bai yi faɗa ba. Ya aiko Barka, tsohon direbansa mai jin Hausa, ya gaya masa in ya ƙara, ya tattara kayansa.

Hankalin Kalla ya tashi. Abinci ya ƙi shiga, ko tari Haj ya yi sai gabansa ya faɗi. Idan aka kore shi, me zai ce wa Zouéra? Ya rantse sai ya haɗiye Larabci kafin wata ya mutu. Ya ari rediyo ya manna a kunne, bai samu komai ba sai ciwon kai.

Barka ya yi dariya har da tari.

"Ƙanena, bar rediyo. In ba ka ji ba, ce awid, shi ne sake faɗi. Wurin shayi kuma tambayi sunan abu ɗaya. Ɗaya kawai."

Abin da sauƙin faɗi. Bakin ya riga ya saba, bahi ke riga shi fita, sai ya bi ta da awid yana gumi. Haj ya tsuke fuska, ya maimaita yana nuni da hannu. A hankali Kalla ya san rijiya, ya san buɗe, ya san rufe.

Da dabino ya nuna, Haj ya miƙa masa wani gwangwani yana magana da sauri, mota na kunne zai tafi Sabha. "Dabino" kawai Kalla ya tsinta. Ya ce awid. Aka maimaita, bai gane ba. Ya sake cewa awid.

Haj ya kashe mota, ya kira Barka. Ashe maganin ƙwari ne na tumatir, ana ja masa kunne kada ya kusanci dabinon da yaran gida suka fara tsinka suna ci.

Kalla ya zauna a ƙasa. Da ma niyyarsa ya fesa wa dabinon.

Haj ya dube shi, ya ce wa Barka, "Gaya masa ya aika gida su kwantar da hankali, ba zan kore shi ba. Yana nan tare da ni."

Darasi: Mugun sabo ba ya fita da rantsuwa. Canza abu ɗaya ƙarami, ka riƙe shi kullum, ko da bakinka na rawa. Ku tura wa wanda ke son gyara komai rana ɗaya.