Manja a Farin Ƙyallen Inna Barmani

"Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku."

"Ta iso mu ji ta."

Wa a cikinku ya taɓa ɓata kayan mutane, ya tsaya yana waige-waige ko an gan shi? To, ku matso kusa.

Wani mutum ne sunansa Mantau, mai ɗinkin hula. Matarsa Ladingo ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, ta haifi ɗa namiji. Ana gobe suna, sai Mantau ya ja ragonsa ya nufi garin surukai.

Ya isa da hantsi, sai aka sauke shi a ɗakin baƙi. A ɗakin akwai wani ɗan teburi mai sheƙi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ƙyallen nan, surukarsa Inna Barmani ce ta kaɗa zarensa da hannunta aka saƙa mata. Duk jikan da aka haifa a gidan, a kansa ake zuba goron sunansa.

Inna Barmani kuwa mace ce mai tsananin kunyar suruki. Ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa. In tana da magana da shi, sai ta tsaya bayan labule ta faɗa wa akuyarta da ke ɗaure a bakin ƙofa.

Sai ta turo akushi ta ƙasan labule, da butar shayi, ta ce, "Ke akuya, ki ce da baƙo ga doya da manja."

Mantau yunwa kamar ta kayar da shi, amma ina suruki ina cin abinci a gidan surukai da rana tsaka? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Akuya, ki ce da Inna na gode, wallahi a ƙoshe nake."

Ta ce, "To, a bar shi nan ko ya huce."

Tana tafiya, sai ƙamshi ya cika ɗakin. Mantau ya kalli akushi, ya kalli labule. Ya ce a ransa, guda ɗaya ba za a gane ba. Sai ya ɗora akushin a kan teburi, ya ɗauki doya ya tsoma a manja. Yana kaiwa baki sai ya ji motsi a waje. Ya zabura, manja ya ɗiga a tsakiyar farin ƙyalle, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa.

Ashe akuya ce ta girgiza kunne.

Ya tsura wa ɗigon ido. Ƙyallen suna ne, ga shi kuma tabon da kansa zai faɗa wa gida duka cewa wanda ya rantse ya ƙoshi ya ci a ɓoye.

Sai ya ɗauki butar alwala ya zuba ruwa, ya sa babban yatsa ya yi ta murza. Ku kun san mai ba ya shiri da ruwa, gudunsa yake yi. Manja ya bi zare ya bazu, ƙwayar gyaɗa ta koma tafin hannu.

Sai ga murya daga bayan labule. "Ke akuya, baƙo lafiya? Na ji ƙarar ruwa."

Ya ce, "Akuya, ki ce lafiya lau, alwala nake."

Ta ce, "Da hantsi? To, Allah ya karɓa."

Sai ya ce a ransa, ruwan sanyi ne bai iya ba, na zafi zai narkar da shi. Ya yaye ƙyallen ya riƙe shi a kan akushi, ya tuttula masa abin da ke cikin butar shayi. Ya manta akwai ganyen shayi a ciki. Tabo ya sha shayi ya yi duhu, gefensa ya koma ruwan ƙasa. Butar kuma da ya dire a kan katakon teburin da zafinta, yana ɗagawa sai ga farin zobe ta bari.

Sai murya ta sake zuwa. "Ke akuya, baƙo lafiya? Na ji ƙamshin shayi."

Ya ce, "Akuya, ki ce lafiya lau, kurɓa ɗaya na yi."

Ta ce, "Madalla, ashe akwai sauran wuri a cikin."

Mantau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya hango ƙullin bula a kan taga, shuɗin nan da ake sa wa farin kaya. Ya ce, ai wannan aikinsa ke nan. Ya kwance ya zazzaga a kan tabon, ya tattara ƙyallen ya yi ta cuɗawa da iya ƙarfinsa har yatsunsa suka yi zafi. Da ya ware, sai ga shi kore shar kamar miyar kuka.

Sai murya ta zo a karo na uku. "Ke akuya, ki ce a miƙo ƙyallen nan, za a kai wa mai guga."

Mantau ya miƙe tsaye. Ya dubi taga, ba ta isa mutum ya fita ba. Can sai ya miƙa ƙyallen ta ƙasan labule, muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Inna, na ɗan zagaya ne, sai akuyar nan ta shigo ta yi ɓarna."

Inna Barmani ta ware ƙyallen ta duba. Sannan ta ce, "Ke akuya, ashe kin iya cin doya da manja. Kin iya zuba shayi. Kin iya kwance ƙullin bula, sannan ki koma ki ɗaure kanki. Dabba mai irin wannan wayo ba ta zama mini a gida. Gobe a haɗa ki da rago."

Sai ta fara kwance igiya. Akuya ta yi kuka.

Mantau ya durƙusa a bayan labule, hularsa a hannu. Ya ce, "Inna, a bar ta. Ni ne. Yunwa nake ji na ce na ƙoshi. Na ɗiga manja, na ji kunyar faɗa, na yi ta ƙara ɓatawa. Teburin ma na ƙona shi."

Ta ce, "Da ka yi magana tun yana ɗigo ɗaya, da garin rogo zan barbaɗa ya shanye man. Yanzu kuwa maganinsa ɗaya, rana. Rana kuma ba ta shiga ɗaki. Fito."

Sai Mantau ya fito tsakar gida, inda mata suka cika suna dakan suna. Inna ta juya masa baya tana ba da umarni, shi yana yi. Ya ɗauraye bula da ruwan sanyi. Ya matsa lemon tsami a kan shayi. Ya shafa sabulu ciki da baya a hankali, bai ɗauraye ba, ya shanya ƙyallen a igiyar tsakiya inda kowa ke gani.

Wata daga masu daka ta ce, "Angon ƙarni, wankin jego ka zo taya mu?"

Wata ta ce, "Ku bar shi, rini yake koya. Ni ma ina da zane, kore nake so."

Ladingo tana ɗaki tana jin su, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mantau bai ɗaga kai ba. Ya koma ya kwaɓa toka mai laushi da man gyaɗa, ya yi ta shafa wa farin zoben nan yana bin tsawon katako, har ya ɓace.

Rana ta yi aikinta. Kafin la'asar ja ya koma rawaya, rawaya ta dushe. Aka ɗauraye, ƙyalle ya fito fari tas. Amma da Inna ta ɗaga shi sama, sai ga haske yana ratsa tsakiyarsa. Wurin da Mantau ya cuɗa da ƙarfi, zaren ya sirance har ya fara ɓulewa.

Ta zauna ta ɗauko allura ta ce, "Manjan bai yi masa komai ba. Ɓoyon ne ya ci zaren."

Washegari aka zuba goro a kan ƙyalle mai faci a tsakiya. Mantau da kansa ya shimfiɗa shi, bai juya facin ƙasa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya leƙo ya koma.

Tabo yana da sauƙi tun yana ɗanye, kunyar faɗa ce ke sa shi zama. Don haka duk wanda ya san ya naɗe wata riga ya tura ƙarƙashin katifa, gobe da safe ya fito da ita ya nuna wa babarsa, tun rana ba ta yi nisa ba.