Fiyus a Kan Taga

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da ake kira Sha-Wuta. Ya iya aiki, ba ƙarya, amma girman kansa ya fi tsaninsa tsawo.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: in ka cire fiyus, a aljihunka zai zauna har ka gama. Shi kuwa cewa yake, "Wannan na matsorata ne. Ni wuta ta san ni."

Wata rana suna aiki a wani gida shi da abokin aikinsa Dogo, ya cire fiyus ya ajiye a kan taga.

"Oga, sa shi a aljihu mana," in ji Dogo.

"Uwata ce kai? Riƙe min wayar wutar nan in amsa kira."

Mahaifiyar mai gidan ta fito, zafi ya ishe ta. Ta ga fiyus a yashe, ta ɗauka ɓarnar jikoki ce, ta mayar da shi mazauninsa.

Wuta ta ja Dogo, ko ihu bai samu yi ba, ya cika.

A asibitin da aka kai su, likita ya duba Sha-Wuta, ya faɗi wata kalmar Turanci, "unscathed". 'Yarsa mai karatun jinya ta ce, "Baba, wanda ya fito daga haɗari ko ƙwarzane babu, shi ake ce wa haka."

Haka kuwa ya fita daga zargi ma. Unguwa duk ta ɗora wa tsohuwa laifi. Shi da ya san gaskiya, ya ja bakinsa ya yi gum.

Ku ji abin takaici, jama'a. Ita ce ta riƙa takowa shagonsa da sandarta.

"Ɗana, ka yafe min. Na kashe maka ɗan'uwa."

"Ba komai, Iya."

Ba komai! Bakinsa bai ko yi nauyi ba.

Ta daina cin abinci. Duk zuwan da za ta yi, ta fi na baya ramewa. Kullum yana cewa gobe zai faɗa mata, har ranar da ya ga an shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan su Iya.

Har yau, in inuwa ta gifta ƙofar shagon, sai ya miƙe zumbur yana cewa, "Iya, tsaya, ni ne na..."

Sai ya ga ashe mai sayen ƙwan fitila ne.

Darasi: Ba duk wanda jikinsa ya tsira ne ya tsira ba. In kuskurenka ne, buɗe baki ka karɓi abinka tun wanda aka ɗora wa yana da rai. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na can ya yi shiru, wani yana ramewa saboda shi.