Kuɗin Zuwa

Barista Tanimu lauya ne a wani ofishi da ke kare talakawa kyauta. Wata rana sabon darakta, Alhaji Nafi'u, ya fito da ƙa'ida: za a biya lauya kuɗin motar zuwa, amma ban da na dawowa.

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da shari'ar wani manomi a ƙauye mai nisa. Da me zan dawo?"

"Zuwa aiki ne. Dawowa kuma sha'aninka ne."

Tanimu ya tafi, ya yi nasara aka mayar wa manomin gonarsa, sannan ya yi zamansa a ƙauyen yana shan fura.

Ana nan sai manyan baƙi suka aiko cewa za su ziyarci ofishin, kuma lauyan manomin suke son gani. Darakta ya buga wa Tanimu waya a gaban akanta.

"Barista, me ya hana ka dawowa?"

"Ranka ya daɗe, ka ce sha'anina ne. Na duba sha'anin nawa, na ga bai kai ba."

"Gobe da safe nake son ganinka."

"In dawo, ko in zo?"

"Mene ne bambancin?"

"In dawowa ce, sai ranar da na samu hali. In zuwa ne, yanzu zan kama hanyar tasha."

Darakta ya dubi akanta, akanta ya dubi silin.

"To, ka zo."

Tun daga ranar babu lauyan ofishin da ya ƙara dawowa daga ko'ina. Kowa zuwa yake yi.