Ranar da Corinne Ta Sassauta Hannu

Akwai wata mata a nan Kanada mai suna Corinne Thibodeau, 'yar wani masunci daga New Brunswick. Sana'arta tseren kwale-kwale, irin siririn nan da kowa ke riƙe filafili biyu yana tuƙi ya juya wa inda za shi baya. Tun tana jami'a ta gagari sa'o'inta, har aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa a tsibirin Vancouver.

A sansanin ta tarar da tauraruwarsu, Delaney Voss. Delaney ta iya tuƙi, kuma ta san ta iya, shi ya sa ba ta ganin kowa da gashi. Tun ranar farko ta laƙaba wa Corinne suna.

"Ke Kifi, matsa can da jakarki, ƙarni ya ishe mu."

Sauran suka bushe da dariya. Corinne ta ɗauke jakarta ta matsa.

Idan za a zaɓi mata biyun da za su tuƙa kwale-kwale ɗaya a gasar duniya, ba a tsaya dogon surutu. Koci zai zuba kwale-kwale biyu a ruwa su yi tsere, ya duba agogo, sai ya musanya mutum ɗaya daga wannan zuwa wancan a sake. Wadda gudu ya ƙaru da shigarta, kujera tata ce. Amma duk abin ya rataya ne a kan amana: wadda ba a musanya ba dole ta ja da dukkan ƙarfinta a kowane karo.

Delaney tana da kujerarta, abokiyar tuƙi ake nema mata, ita kuma ƙawarta take so. Da aka sa Corinne a bayanta, sai Delaney ta sassauta hannu. Ba da yawa ba, daidai yadda mai kallo daga nesa ba zai gane ba. Amma Corinne tana zaune a baya, tana ganin yadda kumfar da filafilan Delaney ke bari a ruwa ta ƙanƙance, tana jin nauyin kwale-kwalen ya dawo kafaɗunta.

Koci Rourke ya kira ta gefe ya ce, "Corinne, agogo bai ba ki ba. Ki koma gida, sai wata shekara."

A bakin ruwa ta tare Delaney. "Kin sassauta hannu. Na gani da idona."

Delaney ta kurɓi kofinta ta yi murmushi. "Haba Kifi. To je ki faɗa wa Koci mana, ki ce ruwa ne ya ba ki labari."

Ba shaida, ba hujja. Corinne ta haɗa kayanta ta hau jirgi tana kuka.

A gida mahaifinta ya ce, "Share hawayenki, ki zo mu fita teku. Aiki bai ƙare a duniya ba."

Ta ce, "Baba, ba zan ajiye filafili ba sai na ga hawayen matar nan."

Daga nan ta koma kwale-kwale mai ɗaukar mutum ɗaya, inda ba mai ha'intarta. Asuba ta fari tana kan kogi, sanyi na tsaga yatsu, tafukanta duk kanta. Bayan 'yan shekaru ta doke kowa a gasar ƙasa, suka dawo da ita sansanin dole. Ta ci lambar tagulla a Poland, ta ci ta azurfa a Italiya, 'yan jarida suka koyi faɗin sunanta daidai. Na taɓa ganin ta ana rataya mata lambar yabo, fuskar nan a murtuke kamar wadda aka aiko wa saƙon mutuwa. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma a lokacin ina so ta rama.

Abu ɗaya ya rage mata, shi ne zuwa gasar Olamfik. Shekarar da ake raba guraben shiga ciwon huhu ya kwantar da ita, ba ta je ba. Saura dama ɗaya tak, tseren ƙarshe a Switzerland, inda na ɗaya da na biyu kaɗai ke wucewa. Koci ya yanke cewa a kwale-kwale mai mutum biyu ne suka fi sa rai, don haka Corinne ce mai kujera yanzu, ita ake nema wa abokiya.

Mata biyu ke neman wurin. Akwai Tessa Halvorsen, mai ƙoƙari da ladabi. Sai Delaney, wadda shekaru suka ja, aka yi mata tiyata a gadon baya, ta lallaɓo ta dawo don gwada sa'arta ta ƙarshe.

Da safen gwajin Delaney ta same ta a rumfar ajiye kwale-kwale. Wannan karon babu Kifi.

"Corinne, na san abin da na yi miki, kuma na yi nadama. Ba alfarma nake roƙo ba. Ki ja yadda kika saba, shi ke nan."

Corinne ta ci gaba da ɗaure filafilinta. "Me kika yi mini? Ai agogo ne ya yanke."

Aka fara da Tessa. Corinne ta ja kamar za ta tsinke jijiya. Aka musanya, Delaney ta shigo ta zauna a gabanta.

Jama'a, a nan ne abin yake. Daga jan farko kwale-kwalen ya tashi. Hannayensu suka zo ɗaya, numfashinsu ya zo ɗaya, ruwa na wucewa a ƙarƙashinsu ba ko gargada. Tunda Corinne take tuƙi ba ta taɓa jin gudu irin wannan ba. Ta san da wannan matar za su wuce Switzerland har da sauran ƙarfi. Ta sani sarai.

Amma da suka kai tsakiya ta kalli ƙeyar Delaney, ta tuna dariyar nan da kofin nan, sai ta sassauta hannu.

Delaney ta ji nauyin ya sauko mata. Ba ta waiwayo ba, ta ci gaba da ja ita kaɗai da bayanta mai ɗinki har suka kai ƙarshe. Can ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Corinne ta zauna ta kalle ta son ranta.

Koci ya duba agogo ya ce Tessa ce.

Da Delaney ta zo wucewa da jakarta ta tsaya, idanu jajur. "Kin rama. Ya yi daɗi?"

"Kamar zuma," in ji Corinne. "In kina da ƙorafi, ga Koci can."

Ranar har rawa ta taka a ɗakinta.

A Switzerland suka fara da kyau, har suka shige gaba. Amma da tseren ya yi nisa ƙarfin Tessa ya fara ƙarewa. Kwale-kwale ɗaya ya wuce su, wani ya matso. Corinne tana ihu, "Ja, Tessa! Ja!" Tessa ta ba da duk abin da take da shi, har idanunta na juyawa. Suka tsallake layi kusan tare da na biyun, sai da aka duba hoto. Na uku suka zo, tazarar ba ta kai tafin hannu ba.

Corinne ta san shekarunta da kafaɗarta ba za su kai ta wata Olamfik ba. Shi ke nan, an rufe.

Suna shawagi a kan ruwa, Tessa ta juyo tana kuka kamar ranta zai fita, ta kama hannunta.

"Ki yafe mini, Corinne. Ni na ja miki. Na rantse ban san yadda aka yi na doke Delaney a gwajin nan ba. Da ita ce a kujerar nan, da yanzu kin wuce."

Corinne ta zare hannunta, ta kifa kai a gwiwa.

Darasi: Wanda ya zalunce ka ya yi laifi, amma idan ka mayar da ramuwa abincinka, wata rana da hannunka za ka rushe abin da ka ƙare ƙuruciyarka kana ginawa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana dakon wani a zuci, ko zai sauke tun bai yi asara ba.