Doguwar Maƙamar Birkin Malam Barau

Ku matso, ga wata magana da mutanen Malumfashi suka kasa yankewa.

Malam Barau tsohon malamin gona ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana zaga ƙauyuka a kan wani baƙin keke ƙirar Ingila, daga baya ya sayar da shi ya hau babur. Da tsufa ya zo, ido ya tafi, sai kuma ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce ƙafafun za su tashi in zai riƙa takawa, in kuwa ya ƙi, kwanciyar ke nan. Malam ya ƙi. Sanda ma ya ce ba ya so.

"Ni a duniya abu ɗaya na taɓa dafawa ina tafiya," in ji shi. "Ku kawo mini kekena yadda na san shi. Wanda ya kawo, shi zai gaje shi."

'Ya'yansa uku ne, kuma kowannensu ya san in keken bai zo ba tsohon ba zai tashi ba.

Babban, Dikko, direban babbar mota ne. Ya tono tsohuwar takardar lasin keken a akwatin uban, ya kwafi lambar da ke ciki, wadda aka buga a ƙarƙashin sirdin keken. Duk kasuwar da ya sauke kaya sai ya bi kekuna yana durƙusawa yana leƙe, har yaran mota suka fara cewa Oga ya samu matsala. Keken ya bi hannu biyar. Bayan wata huɗu ya same shi a wani ƙauye bayan Dandume, ana ɗaukar jarkokin ruwa da shi. Mai shi ya ce ba na sayarwa ba ne. Dikko ya kwana biyu a ƙofar gidansa, sannan ya kawo masa sabo dal suka yi musaya.

Abin da ya kawo gida tsatsa ce da waya. Sai na biyu, Gambo, ya karɓa. Shi bakanike ne mai taurin kai a kan aiki, yana da tsohon littafin kamfanin keken mai hotuna, kuma ba ya yarda da ƙusa ɗaya in ba ta asali ba ce. Ya kwance keken kaf, ya miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe, ya samo sirdin fata daga Zariya, murfin sarƙa daga Kano, ya ja layin ruwan zinariya da hannunsa. Ya lura maƙamar birkin hagu ta fi ta dama tsawo. Ya ce wani mai faci ne ya yi wannan aika-aika, ya cire ta ya jefar, ya sa wadda littafi ya nuna.

Aka turo keken gaban gado yana ƙyalli. Malam Barau ya shafa sirdi, ya kaɗa ƙararrawa, fuskarsa ta fara sakewa. Da ya kama kan keken da hannu biyu sai ya sake shi.

"Keke ne mai kyau. Na wane ne?"

"Naka ne, Baba. Ga lamba."

"Ni lamba nake hawa?" Ya juya fuska bango.

Ƙaramarsu, Turai, ba ta san mota ba, ba ta san sifana ba. Amma ita ce uban yake ɗorawa a gaban keken zuwa makaranta, kuma ta tuna abin da hannunta na hagu yake riƙewa. Ta ce, "Yaya Gambo, ina doguwar maƙamar?"

"Ke me kika sani? Ba ta cikin littafi."

"To littafin ne ya kai ni makaranta?"

Ta tafi wurin Baba Sambo, wanda tun yana saurayi shi ke haɗa kekuna a kantin da aka sayo keken. Tsohon ya yi dariya. Ya ce a waccan shekarar akwati guda haka ya iso daga kamfani, kekuna goma sha biyu, kowanne da doguwar maƙama ta hagu, watakila gajerun ne suka ƙare musu. Shi da kansa ya ɗaura ta. Turai ta bi sawun buhun ƙarafan da Gambo ya ba masu sayen gwangwan, ta wuni tana tono a cikin tsibi, har ta same ta.

Gambo ya juya ta a hannu ya daɗe. Ya ce, "Ashe kamfanin ma ba ya bin littafinsa." Ya goge ta, ya mayar da ita inda take.

Malam Barau ya kama, ya matsa birkin sau biyu. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ɗayar, ya dafa keken ya taka har zaure. Yau da shi yake zuwa masallaci, yana turawa.

Da aka tambaye shi wa zai gada, sai ya ce shi dai ya warke, su je su sasanta. Su kuwa kowa na tura wa ɗan'uwansa.

To, Dikko ya nemo, Gambo ya tayar, Turai ta mayar da shi na mai shi. A cikin ukun, wa ya kawo wa Malam Barau kekensa?